Shirwar da Ke Tsoron Ƙanƙara

Daren Laraba iska ta taso daga bayan Kufena,
ba sallama, ba neman iso.
Ta ɗage rufin gidan Saje Barmo a Hanwa
kamar mai buɗe tukunya ta ga ko wake ya nuna,
ta kai shi bayan layin dogo ta yar.
Sai ƙanƙara ta biyo sawu, manya kamar ƙwan zabi.

Da safe ni aka kira, ni da guduma da ƙunshin ƙusa.
Ina bisa katako, yana ƙasa yana miƙo mini.
Hannunsa na rawa, amma idonsa bai san kuskure ba:
"Waccan ta karkace, zare ta."
Shekara ashirin da bakwai ya yi ƙarƙashin cikin jirgin yaƙi,
da sifana, da tsumma, da baƙin man da ba ya barin farce.

Na ce, Saje, bandir ɗin kwano yanzu sai ka sayar da akuya biyu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, kai kukan kwano kake?
Na taɓa riƙe noti guda, bai kai ƙwallon dabino ba,
kuɗinsa ya isa rufa gidan nan da na maƙwabci
har a sami canjin ƙyaure.
Tashi ɗaya, kafin kokonka ya huce,
ya shanye abin da zai haƙa wa unguwa rijiya.

Na ce, ai mai tsada shi ne mai ƙarko.

Ya ce, mu ma haka muka zata.
Wata shekara, a zamaninmu, can inda na yi aiki,
hadari irin na jiya ya riske su a fili, su huɗu, ba rumfa.
Kuɗin rumfar na cikin takarda,
takardar na kan tebur, mai teburin ya yi tafiya.
Ƙanƙara ta yi musu zanzana a fiffike.
Iska ta ingiza ɗaya ya tunkuyi ɗan'uwansa.
Abin da aka sayo don ya firgita maza
ga shi lulluɓe da tamfol kamar buhunan taki.
Wata tara muna jiran wani ɗan ƙarfe daga ƙasar da ta ƙera shi.
Muka cire na wannan muka sa wa wancan,
biyu suka zama ɗaya, ɗayan ma sai ya ga dama.
Gwara ta yi sheƙa a bakin na uku,
ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta suka tashi.
Shi bai tashi ba.

Guduma ta tsaya a hannuna.

Ladidi na tuna, autarmu, a ƙauyen mijinta gaba da Giwa,
daren da babura suka shigo ba fitila.
An buga waya, aka ce jirgi na tafe in sama ta washe.
Masu babur ba su jira sama ba.
Ta kwana cikin masara, goyo a ƙirji, tafinta a bakinsa,
duk tsawar da ta yi sai ta ɗaga kai ta ce, ga shi nan.
Har asuba tsawa ce.

Ban faɗa masa ba.
Ba shi ya ajiye takarda a kan tebur ba.

Can sai ga ɗan jirgin 'yan makaranta, fari, ƙarami,
yana kewaya Falladan kamar mai neman abin da ya yar.
Yara suka fito suna ɗaga masa hannu.
Saje ya karkata kunne, ya rufe ido.
Ya ce, wannan lafiyarsa lau, an ba shi haƙƙinsa.

Gabas ta soma haɗa rai.
Ya dube ta, ya dubi rabin rufin da ya rage,
ya laluba aljihu, ya ƙirga abin da ke ciki sau biyu.
Ya ce, ƙara ƙusa uku a kusurwar nan.
Sauran kuɗinka sai fansho ya fito.